Tarihin Ƙagaggun Labaran Binciken Garkuwa da Kisa a Jere

Masana ba su haɗu a kan mafarin labaran bincike ba. Wasu suna mai da shi ga labarin tuffa uku na cikin Dare Dubu da Ɗaya, inda aka tsamo gawar mace cikin akwati daga kogin Dijla, Halifa Haruna Rashidu ya ba waziri Ja'afar kwana uku ya nemo makashin. Sai dai Ja'afar bai bi sawu ba, mai laifin ne ya kawo kansa. Saboda haka shekarar da ta fi inganci ita ce 1841, lokacin da Edgar Allan Poe ya buga The Murders in the Rue Morgue a Amurka. Shekara ɗaya bayan nan aka kafa sashen 'yan sandan ciki na Landan, a 1887 kuma Sherlock Holmes ya bayyana.

Kisa a jere ya shigo adabi ne daga titi. A 1888 aka yi wa mata aƙalla biyar kisan gilla a unguwar Whitechapel ta Landan, ba a kuwa kama wanda ake kira Jack the Ripper ba. Marie Belloc Lowndes ta gina The Lodger a kan wannan fargaba a 1913, labarin mata da miji da suka fara zargin ɗan hayarsu.

Garkuwa da mutane kuwa ta samu gindin zama ne a 1932. Daren 1 ga Maris aka sace ɗan matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh, yaro mai wata 20, daga gidansu a jihar New Jersey. An biya fansar dala 50,000, amma ranar 12 ga Mayu aka tsinci gawarsa kusa da gidan. A shekarar majalisar Amurka ta mayar da tsallaka iyakar jiha da wanda aka sace laifin tarayya, wanda ya buɗe wa hukumar FBI ƙofar shiga irin wannan bincike. Agatha Christie ta ɗauki alhinin lamarin ta zuba cikin Murder on the Orient Express a 1934: yarinyar da aka sace ta riga ta mutu, abin da ya rage shi ne ɗaukar fansar jininta. A 1936 ta fitar da The A.B.C. Murders, inda makashi ke bin jerin haruffa yana aika wa mai bincike Poirot wasiƙa kafin kowane kisa.

Haɗuwar jigogin biyu ta jira kafa sashen nazarin halayyar masu laifi na FBI a 1972. A cikin The Silence of the Lambs na Thomas Harris, 1988, makashi yana tsare da 'yar wata sanata a cikin rami, jami'ar FBI Clarice Starling kuma tana tsere da lokaci. Wannan ne ya sauya fasalin labarin: maimakon gawa da ke jiran bayani, yanzu akwai mai rai da ke jiran ceto. Fim ɗin littafin na 1991 ya lashe manyan lambobin Oscar biyar.

Daga nan salon ya bazu zuwa ƙasashen arewacin Turai, Japan da Koriya ta Kudu.