Yadda Sarki Ali ya yi ban-kwana da sojojinsa a tsohon birnin Jidda a 1925

Alhazan Najeriya da Nijar da dama sun san Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a matsayin wurin sayen tsaraba a kasuwannin Bab Sharif da Bab Makka. Kaɗan ne suka san cewa a waɗannan lungunan ne aka rufe babin mulkin Sharifan Makka, inda a watan Disambar 1925 Sarkin Hijaz na ƙarshe, Ali bin Husaini, ya sallami rundunarsa bayan ƙawanyar kusan shekara guda, ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar har abada.

Wane ne Ali bin Husaini?

Ali shi ne babban ɗan Sharif Husaini, Sarkin Makka da ya yi wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya bore a watan Yunin 1916 da goyon bayan Birtaniya. A wancan yaƙin Ali na cikin kwamandojin da suka tsare hanyoyin Madina, har aka tilasta wa kwamandan Turkawa, Fakhri Pasha, barin birnin a watan Janairun 1919. Ke nan ya taɓa ganin ƙawanya daga waje kafin ƙaddara ta sa ya gan ta daga ciki.

Da Turkiyya ta soke halifanci a watan Maris na 1924, sai Sharif Husaini ya ayyana kansa halifa. Lamarin ya ƙara dagula tsohuwar gabar da ke tsakaninsa da Sarkin Najad, Abdul'aziz bin Sa'ud. A watan Satumba mayaƙan Ikhwan na Najad suka ci Ɗa'ifa, aka kashe fararen hula masu yawa, dakarun da Ali ke jagoranta kuma suka ja da baya. Ganin haka sai manyan Jidda suka matsa wa Husaini ya yi murabus a farkon Oktoba, aka naɗa Ali a gurbinsa. Cikin 'yan kwanaki Makka ta faɗa hannun mutanen Najad ba tare da faɗa ba, sabon sarkin kuwa ya koma bayan ganuwar Jidda.

Rayuwa cikin ƙawanya

Jidda ta wancan zamani ita ce abin da ake kira Balad a yau: ƙaramin birni mai unguwanni huɗu, wato Sham da Mazlum da Yaman da Bahr, kewaye da ganuwar da aka gina a farkon ƙarni na 16 don kare shi daga jiragen yaƙin Fotugal. A farkon 1925 Abdul'aziz ya kafa sansani a Raghama, gabas da birnin, ya fara luguden igwa.

Kwamandan tsaron birnin shi ne Tahsin Pasha al-Faƙir, tsohon hafsan sojan Turkiyya ɗan ƙasar Sham. Ya sa aka haƙa ramukan fakewa a wajen ganuwa, aka ja waya mai ƙaya, aka binne nakiyoyi. Rundunar na da 'yan motoci masu sulke da 'yan jiragen sama, waɗanda matuƙa 'yan Rasha masu gudun hijira ke tuƙawa. Da yawa daga cikin sojojin ba 'yan Hijaz ba ne, an ɗauko su ne daga Falasɗinu da Sham da Jodan ta tashar Aƙaba, da taimakon ƙanen Ali, Sarki Abdullahi na Jodan.

A watan Maris suka yi yunƙurin fasa ƙawanyar, amma aka kora su. A tsakiyar shekara Birtaniya ta haɗe Aƙaba da Ma'an da ƙasar Jodan, ta kuma kai Sharif Husaini tsibirin Ƙubrus. Da haka hanyar samun kuɗi da ƙarin dakaru ta tsuke. Abinci da ruwan sha suka yi tsada, cututtuka suka yaɗu, mazauna birnin da yawa suka tsallake teku zuwa Masar da Sudan. Sojoji suka yi watanni ba albashi, wasu suka tsere, wasu suka tayar da ƙayar baya.

Yaƙin ya shafi mutanen Yammacin Afirka ma. A lokacin alhazan ƙasar Hausa kan bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, tafiyar da kan ɗauki shekaru, sannan su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Wasunsu sun daɗe da zama a bukkoki a gefen ganuwar Jidda, Larabawa na kiransu Takruni, sunan da Hausawa ke furtawa Takari. A Hajjin 1925 ƙofar Jidda a rufe take, 'yan alhazan da suka samu zuwa sai ta ƙananan tashoshi irin su Rabigh da Lith da Ƙunfuza suka sauka.

Yarjejeniyar da ta gabaci ban-kwana

A farkon Disamba Madina ta miƙa wuya ga Yarima Muhammad, ɗan Abdul'aziz. Daga nan Ali ya gane cewa ci gaba da turjiya ba zai haifar da komai ba sai ƙarin gawarwaki. Ya nemi mataimakin ƙaramin jakadan Birtaniya a Jidda, S. R. Jordan, ya shiga tsakani, aka kuma ƙulla yarjejeniya a ranar 17 ga Disamban 1925.

Abin lura a cikinta shi ne yawan sharuɗɗan da suka shafi sojoji. Abdul'aziz ya lamunce tsaron rayuka da dukiyoyin ma'aikata da hafsoshi da sojoji da sauran mazauna birnin, tare da yi musu afuwa. Ya yi alkawarin mayar da duk hafsa ko sojan da ke son komawa ƙasarsa, da ɗaukar nauyin tafiyar. Ya kuma amince a raba fam 5,000 tsakanin hafsoshi da sojojin da ke Jidda. A nasa ɓangaren, Ali zai bar Hijaz, ya miƙa makamai da jiragen sama da na ruwa, ya saki fursunonin yaƙi, ya tafi da kayansa na kansa kawai.

Tsoron abin da ya faru a Ɗa'ifa yana zukatan kowa a Jidda. Don haka ga sojan da ya baro iyalinsa a Falasɗinu ko Sham, waɗannan sharuɗɗa na nufin zai fita da ransa, zai samu guzuri, zai kuma ga gida.

Abin da sarkin ya faɗa wa rundunarsa

Kafin tashinsa Ali ya fitar da sanarwar ban-kwana ga rundunarsa da jama'arsa. Ya gode wa sojojin bisa juriyar da suka nuna, ya bayyana cewa ya zaɓi janyewa ne don kauce wa ƙarin zubar da jini, ya kuma roƙe su da su zauna lafiya su kiyaye doka har a kammala miƙa birnin. Ya bar ragamar Jidda a hannun gwamnatin wucin gadi ƙarƙashin hakimin birnin, Abdullahi Ali Rida, na gidan attajiran Zainal.

Wannan roƙo na kiyaye doka shi ne umarninsa na ƙarshe a matsayin kwamanda, kuma yana da dalili. Babu lokacin da ya fi hatsari ga birni kamar 'yan kwanakin da ke tsakanin tafiyar wani mai mulki da isowar wani, musamman idan akwai sojoji masu yunwa da bindiga a hannu. An miƙa Jidda ba tare da kisan gilla irin na Ɗa'ifa ba.

Ali ya bar tashar Jidda a jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Cornflower. A ranar 23 ga Disamba Abdul'aziz ya shiga birnin, ya sauka a gidan Nasif, wanda har yau yake tsaye a tsakiyar Balad. A watan Janairun 1926 aka yi masa mubaya'a a Makka a matsayin Sarkin Hijaz, a 1932 kuma aka haɗe yankunan da sunan Masarautar Saudiyya.

Irinsa a wasu wurare

Tarihi ya adana ban-kwana irin wannan da yawa. A watan Afrilun 1814 Napoleon ya sallami dogaransa a fadar Fontainebleau ta Faransa kafin a kai shi tsibirin Elba. A watan Afrilun 1865 Janar Robert E. Lee ya rubuta wa sojojinsa takardar sallama a ƙarshen yaƙin basasar Amurka, bayan Janar Grant ya yarda masu dawaki su koma gona da dawakinsu. A Najeriya, ranar 12 ga Janairun 1970, Philip Effiong ya umarci dakarun Biyafara ta rediyo da su ajiye makamai bayan Ojukwu ya tafi Kwaddibuwa. A wajen Lee da Effiong, kamar a wajen Ali, abin da ya ba jawabin nauyi shi ne lamunin da aka samo wa ƙananan sojoji na komawa gida lafiya.

Bayan tafiya

Ali ya zauna a Bagadaza wurin ƙanensa Sarki Faisal na Iraƙi, a can ya rasu a watan Fabrairun 1935. Ɗansa Abdul'ilah ya riƙe sarautar Iraƙi a madadin ƙaramin Sarki Faisal na Biyu daga 1939 zuwa 1953, aka kuma kashe su tare a juyin mulkin 14 ga Yulin 1958.

Ganuwar da sojojin Ali suka kare an rushe ta a 1947 don birnin ya samu faɗaɗa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya Balad cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Mai zuwa sayayya a yau zai iya tashi daga Bab Makka ya taka zuwa gidan Nasif cikin 'yan mintuna, ta cikin lungunan da mutanen birnin suka kwana suna sauraren ƙarar igwa a shekarar 1925.