Igiyar hargi: daga rama da audugar Daudawa zuwa nailan

Kogin Sakkwato yana faro tafiyarsa ne daga tuddan da ke kusa da Funtuwa, ba nisa da Daudawa. Yana ratsa Gusau, ya haɗu da Rima, ya wuce Argungu, kafin ya zuba a Kwara. Mutanen sama sun shahara da noman auduga da rama, na ƙasa kuma, Kabawa da Sarkawa, da su. Abu ɗaya da ya daɗe yana haɗa sana'o'in biyu shi ne igiya.

Hargi mashi ne mai kunne, wanda idan ya shiga jikin kifi ba ya fita. Babbansa, da ake farautar dorina da kada, kansa na ƙarfe yakan rabu da sandarsa da zarar ya kama nama, sai igiya ta riƙe shi, ɗaya bakinta kuma a ɗaure da wani icce marar nauyi da ke yawo a saman ruwa yana nuna inda dabbar ta nufa. Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki irin wannan farauta a fim wurin Sorko na yankin Ayoru, a Nijar, a farkon shekarun 1950. Duk ƙwarewar maƙeri da ƙarfin dantsen maharbi sun rataya ne a kan wannan igiya. Idan ta tsinke, an yi asarar ƙarfe da nama, an kuma bar dorina mai rauni a mashigin da mata ke wanki.

Tsawon ƙarnoni ana tufka igiyar daga tsiro: ɓawon rama da aka jiƙa aka saɓule, da kaba, da zaren auduga, har da wani nau'in wake da ake shukawa a bakin Kwara da Binuwai don zaren da ke cikin dogayen sandunan furensa, ba don ƙwayarsa ba. Dukkansu maƙiyinsu guda ne. Zaren tsiro abinci ne ga ƙananan halittun da ke rayuwa cikin danshi, kuma igiyar da aka naɗe jiƙe takan ruɓe daga ciki alhali bayanta na nuna lafiya. Shi ya sa shanya kaya bayan an fito daga ruwa ta zama doka a gidan masunci. A wasu ƙasashe an ƙara da jima: a da masuntan Sikotilan sukan tsoma tarunsu na auduga cikin tafasasshen ruwan wani icce da ake kawowa daga Indiya da Bama, mai sinadari irin wanda majeman Kano ke samu daga bagaruwa, domin yana hana ruɓa.

Auduga ta fi rama laushi da daidaiton kauri, kuma zamanin Turawa ya yawaita ta. An kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Manchesta a 1902, aka shigo da irin Allen Arewa a 1912, sannan a shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, wadda ta riƙa ciyar da manoman lardunan Katsina da Zariya. Manufar dai masaƙun Ingila ce, babu wanda ya tuna da masunta a wannan lissafi. Kuma komai kyawun irin, audugar Daudawa ba ta tsira daga danshi ba.

Sauyin ya zo daga Amurka. A 1935 masanin sinadarai Wallace Carothers, a kamfanin DuPont, ya haɗa nailan, kuma zuwa shekarun 1960 zarensa ya mamaye Tafkin Cadi da Kwara. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, masuntan da suka cika sabon tafkin da tarun nailan suka shiga. Wannan zare ba ya ruɓa, sai aka ɗauka an rabu da wahala.

Maƙiyin ne kawai ya sake kama. Hasken rana yana karya nailan a hankali, har ya yi fari-fari, ya bushe, ya riƙa tsinkewa ba gargaɗi. Ke nan tsohuwar dokar shanya a rana, wadda ta ceci rama, ita ce ke cin sabuwar igiya. Abin da take so shi ne a ɗauraye ta daga yashi, a bar ta ta sha iska a inuwa. Yashin da ya maƙale tsakanin silin zare yana yanka shi daga ciki duk lokacin da aka ja. Ƙulli ma yana rage ƙarfinta, wani lokaci kusan da rabi, ga santsin da ke sa ƙullin da ya riƙe rama ya zame a nailan.

Akwai wuri guda da bai taɓa sauyawa ba, wato inda igiya ta haɗu da ƙarfe. Kaifin bakin huda da tsatsa suna goga zare a aya ɗaya har ya sile. Bindigar harbin kifi ta roba, wadda masu ninƙaya ke shiga teku da ita, ba ta samu kasuwa a kogunan Arewa ba, don ruwan da ya yi laka ba a ganin kifi a cikinsa. Amma masu ita suna fama da wannan ciwo: igiyar Dyneema da kamfanin DSM na Holan ya ƙirƙiro, wadda ta fi ƙarfe ƙarfi idan aka gwada nauyi da nauyi, takan tsinke daidai tsagar kibiyar da take maƙalewa. Maganinsu irin wanda kowane maƙerin ƙauye zai gane ne. Ana bin bakin tsagar da magagari har sai yatsa ya daina jin kaifi, a goge tsatsa, a duba hannu ɗaya na igiyar da ke kusa da ƙarfe kafin kowace fita, idan ta fara gashi a yanke wurin a sake ɗauri.