Peugeot 505

Peugeot 505 mota ce ta ajin manya da kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya ƙera daga shekarar 1979 zuwa 1992 a masana'antarsa da ke Sochaux. An fito da ita ne domin ta gaji Peugeot 504, ko da yake an ci gaba da ƙera motocin biyu tare tsawon shekaru. Ita ce motar fasinja ta ƙarshe da Peugeot ya yi wadda injinta ke juya tayoyin baya.

Zane

Sashen zane na Peugeot ne ya tsara jikin motar tare da kamfanin Pininfarina na Italiya, cikinta kuma Paul Bracq ne ya zana, wanda ya taɓa aiki da Mercedes-Benz da BMW. An ɗora ta a kan ginshiƙin 504, abin da ya sa ta gaji juriyar tsohuwar a kan munanan hanyoyi.

A shekarar 1982 aka fito da doguwar samfurin wagon. Nau'inta mai suna Familiale yana da layin kujeru uku, yana ɗaukar mutum 8.

Injuna

Motar ta fara fitowa da injin fetur mai silinda 4 da kuma injin dizal. Daga baya aka ƙara injin turbo mai lita 2.2, sannan a shekarar 1986 aka kawo injin V6 mai lita 2.8, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa gwiwa wajen ƙerawa.

Ƙerawa a wasu ƙasashe

Baya ga Faransa, an harhaɗa 505 a Ajantina da Ostireliya da Indonesiya da Sin, inda aka ci gaba da yin ta a birnin Guangzhou har zuwa 1997. Jimillar da aka ƙera ta haura miliyan 1.3.

A Najeriya, kamfanin PAN ya harhaɗa ta a masana'antarsa ta Kaduna da aka buɗe a 1975. Jami'an gwamnati sun yi amfani da ita sosai, wagon ɗin kuma ta zama motar haya tsakanin garuruwa.

Maye gurbi

A Turai, Peugeot 405 ta 1987 da Peugeot 605 ta 1989 ne suka maye gurbinta. Dukansu injinsu na juya tayoyin gaba ne.