Zango, Masauki da Titi: Tarihin Tafiya a Ƙasar Adar da Kwarin Majiya

Gundumomin Madawa da Buza da Keita, waɗanda ke cikin jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu da kwaruruka masu zurfi, wadda masana ke haɗa sunayen sassanta uku su kira ta Adar-Dutsi-Majiya, kuma yanayin nan nata shi ya tsara yadda ake tafiya a cikinta tun kafin zuwan mota. A saman tudu akwai fako, wato ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shigarta, a gangare akwai jigawa inda ake shuka gero da wake, a gindin kwari kuwa akwai fadama mai laka inda dawa da albasa ke yi. Wanda ya tashi daga Madawa ya nufi arewa zuwa Buza, daga nan ya karkata zuwa Keita har Tawa, dole ya yi ta hawa da gangara, idan kuma damina ce ƙorama ɗaya tak tana iya tsare shi yini guda a bakin gaɓa har ruwa ya janye.

A Amurka da Turai akwai al'adar da iyali ke ɗaukar hutu su shiga mota mai ɗaki, wato babbar mota wadda aka ƙera mata gado da murhu da makewayi a ciki, su ratsa ƙauyuka da gonaki don buɗe ido kawai. Wannan al'ada ba ta kafu a Adar ba, kuma rashin kuɗi ba shi kaɗai ne dalili ba. Mota mai ɗaki an yi ta ne domin matafiyi ya wadatu da kansa, kada ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, alhali tafiyar ƙasar Hausa tun asali a kan masauki aka gina ta, wato a kan tabbacin cewa a kowane gari akwai gidan da zai ba baƙo ruwa da tabarma, ya kuma tsaya masa idan magana ta tashi.

Tsohuwar siffar doguwar tafiya ita ce ayari, wato taron fatake da dabbobinsu masu tafiya tare don tsaron juna. Shugaban ayari shi ne madugu, wanda ya san rijiyoyi da sarakunan hanya, shi ke kuma sasanta kuɗin fito da ake biya kafin a ratsa ƙasar wani, jagaba yana gaba yana duba hanya, jakuna da takarkarai na biye ɗauke da mangala da taiki da salkar ruwa. Inda aka yada kaya aka kwana shi ne zango, kalmar da ta bi fatake har ta zama sunan unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara. Adar ta zauna a tsakanin Azbin da ƙasashen Gobir da Kabi, don haka ta zama mashigar gishiri da kanwa da dabino daga arewa, da hatsi da tufafi da goro daga kudu. Wannan matsayi na cikin abin da ya jawo hankalin masarautar Agadas, har Agabba ɗan Sarki Muhammadu Mubarak ya ci ƙasar a 1674 ya kafa gidan sarautar Adar wanda daga baya ya zauna a Illela, kamar yadda masanin tarihi Djibo Hamani ya bayyana a bincikensa kan Adar kafin zuwan Turawa. Buzayen Lisawan sun yi ƙarfi a yankin Keita, Kel Geres kuma suka kafu a kewayen Madawa, raƙumansu na zirga-zirga tsakanin wuraren gishiri na arewa da kasuwannin Sakkwato.

A wajen waɗannan makiyaya ne ake samun gida mai tafiya na gaskiya. Bukkar Buzaye, ta fata ce ko ta tabarmi, mallakar mace ce, ita ke kwance ta ta ɗaure a bayan jaki ko raƙumi tare da gado da turmi da ƙore, ita ke kuma kafa ta a sabon masauki kafin rana ta faɗi. Da faɗuwar damina, lokacin da shuka ta rufe ƙasa, su da Fulani sukan bi burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi a tsakanin gonaki, su nufi arewa wajen Ingal inda ƙasa da ruwa ke da gishiri, ba su dawowa sai an kawar da amfanin gona, sa'annan dabbobi su ci kara su bar taki. Manomi kuwa gona ta ɗaure shi, ba ya motsawa daga shuka zuwa girbi, kuma abu biyu ne kawai ke tayar da gidansa gaba ɗaya. Na farko aikin hajji, wanda a da mutum kan tafi da mata da 'ya'ya ta Barno da Wadai da Sudan, ana yada zango ana noma ko ƙwadago, har tafiyar ta ci shekaru, a haifi yara a hanya. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda tarihinsa ke haɗe da ƙasar Adar, yana cikin waɗanda suka je Makka a ƙarni na 18. Na biyu yunwa, irin ta 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da ta 1973, da ta 1984 wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari. A irin waɗannan shekaru ne ake ganin tsoho da jariri a kan hanya ɗaya.

Titin da ya ratsa Madawa a yau yana da asali a wata rigimar taswira. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato ta bar wa Ingila duk abin da ke ciki, wanda ya haɗa da Ƙwanni da Madawa, sai Faransawa suka tarar cewa hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram dole ta zagaya ta Tawa, cikin ƙasar da rijiyoyi ke da nisa da juna. Ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine bai damu da wannan layi ba, ya bi ta kudu a 1899, ya ƙone garuruwa, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni. Sai a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 aka tura iyaka kudu, Faransa ta samu hanya mai ruwa ta Ƙwanni da Madawa da Maraɗi. Talakawa ne suka share ta da hannu ta hanyar aikin dole, su ne kuma 'yan dako masu ɗaukar kayan kwamandojin Faransa a ka, har aka soke wannan tsari da dokar 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a madadin ƙafafun baya, suka tsallako Sahara suka bi hanyar Yamai zuwa Damagaram ɗauke da tantuna da abinci da masu ɗaukar hoto, kuma ana iya cewa su ne kakannin duk wani mai yawon buɗe ido da mota a wannan ƙasa.

Jikokin nasu sun yawaita a shekarun 1970 da 1980, musamman bayan an shimfiɗa titin yuraniyom daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. Matasan Turai, wani lokaci har da iyali, sukan taso ta Tamanrasset cikin motocin Volkswagen masu gado ko tsofaffin Peugeot da suke sayarwa a ƙarshen tafiya, sai dai mafi yawansu ba su bar kwalta ba, don haka Buza da Keita ba su gan su sosai ba. Tawayen Buzaye da ya ɓarke a 1990 da yaƙin basasar Aljeriya suka yanke wannan zirga-zirga.

Abin da mota ta yi wa mutanen ƙasar ya fi wannan girma, domin ta faɗaɗa cin rani, wato fitar maza neman kuɗi bayan girbi da nufin dawowa kafin shuka. Tafiyar da a da ta tsaya a Sakkwato ko Kano ta miƙe zuwa Abijan da Legas da Kamaru da Libiya, wata uku ta koma shekara biyu, kuma jihar Tawa ta yi suna a duk Nijar da wannan fita. Madugu ya ɓace, direba da ɗan kamasho da yaron mota suka gaje shi, tasha ta maye gurbin zango, amma masauki bai mutu ba, domin Ba'adare ba ya sauka a Abijan sai a ɗakin ɗan garinsu. Mota dai ta raba magidanci da iyalinsa fiye da yadda ta haɗa su a tafiya. Shaida a kan haka tana kwance a tuddan Keita, inda aikin raya karkara da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar FAO, ya dogara a kan mata, su suka ɗebo duwatsu a ka suka jera, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa, aka biya su da abinci, aka kuma buɗe hanyoyin karkara zuwa ƙauyukan da mota ba ta taɓa shiga ba. A kwarin Majiya kuwa, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro bibbiyu don kare gonaki daga iska, waɗanda yanzu su ne inuwar mai wucewa.

Tafiyar iyali a yau gajeriya ce kuma da dalili, biki ko suna ko ta'aziyya ko asibiti, kuma ana tsara ta ne da ranar kasuwa, domin ranar ce ake samun mota. Uwargida takan yi asubanci ta dama fura ta cika jarka, a naɗe sabuwar tabarmar kaba ta Madawa a matsayin tsaraba, a ɗaure kaza ƙafa biyu, yara su hau amalanke ko kabu-kabu zuwa bakin titi. Can za su jira buɗaɗɗiyar mota wadda aka riga aka loda wa buhunan albasa daga fadamun Tarka, maza su hau saman kaya su naɗe fuska da rawani, mata da ƙananan yara a matsa musu wuri kusa da direba, kuma tun kafin a tashi an buga waya gidan da za a sauka an ce a ƙara tuwo.