Likitan Sardauna da Tambayar "Ɗan Wa Ne?"

 

Ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na yi wannan rubutu wata hira ce da na tsinci kaina a ciki ranar wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, a teburin mai shayi kusa da gada. Wasu ɗaliban jami'ar garin nan ne suke zaune, ɗayansu yana ta huci, wai an naɗa sabon shugaban sashe a wani asibitin koyarwa inda yayansa yake aiki, kuma mutumin "ba namu ba ne". Na tambaye shi, shin bai iya aikin ba ne? Ya ce a'a, kowa ya shaida ƙwarewarsa, shi dai ba ɗan nan ba ne, ba kuma Musulmi ba. Ban ja da shi a wurin ba, domin rugugin motocin shanu ba ya barin doguwar magana. Ga amsar da na riƙe masa.

Likitan zamani na farko da Arewa ta haifa shi ne Dokta Barau Dikko, ɗan Zariya, Kirista, wanda ya taso a hannun mishan ɗin Dokta Miller, ya karanci likitanci a Birmingham ta Ingila. Da 'yan bokon Arewa suka tashi kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, shi suka sa a gaba ya shugabance su, alhali mafi yawansu Musulmi ne. Asibitin koyarwa na jami'ar jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi.

Sai kuma Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya yi makarantar Wusasa, ya wuce Ibadan da Landan, ya ƙware a kan cututtukan yara. Sardauna Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mutumin da ya riƙa zaga ƙauyuka yana kira zuwa ga Musulunci, shi ne ya ɗauki wannan Kirista ya mai da shi likitansa na kansa. Ku tsaya ku auna wannan. Likitan mutum shi ne mai sanin abin da rigarsa ta rufe, mai miƙa masa ƙwaya ya haɗiye ba tare da ya tambayi mece ce ba. Babu amanar da ta kai wannan nauyi, kuma Sardauna bai ga cewa bayar da ita ga wanda ya cancanta ya rage masa komai a addininsa ba. A 1966 Ishaya Audu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, yana ɗan shekara 39, ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa, a 1967, aka buɗe tsangayar koyar da likitanci ta Zariya, wadda ta yaye da yawa daga cikin malaman da suka koyar da likitocinmu.

Me ya sa na farko-farkon suka fito daga gida ɗaya? Ba don sun fi 'ya'yan Kano ko Katsina basira ba. A can ne ƙofar makaranta take a buɗe. Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna, su kuma ba su gina makarantun da za su isa ba, iyayenmu kuma suna da dalilinsu na ɗari-ɗari da boko. Saboda haka ƙorafin cewa mun yi ƙaranci a manyan kujerun asibiti yana da tushe a tarihi, ban musanta ba. Abin da na musanta shi ne a ce maganinsa ture wanda ya iya.

Wani zai ce ai wannan siyasar Sardauna ce ta haɗa kan Arewa. To, mu koma Bagadaza. A shekarar 765 Miladiyya Halifa Mansur ya yi fama da ciwon ciki, ya aika Jundisabur aka zo masa da Jurjis ɗan Bukhtishu, Kirista, kuma zuriyarsa ta yi wa halifofin Abbasiyawa aikin likita fiye da shekara ɗari biyu. Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, shi ma Kirista ne, kuma da hannunsa da na almajiransa littattafan Jalinusu suka shiga Larabci, daga nan irin su Razi da Ibnu Sina suka ɗora. Har ma abin ya taɓa juyewa. Jahizu ya ba da labarin wani likita Musulmi, Asadu ɗan Jani, da yake kukan rashin kasuwa a shekarar da cuta ta yi yawa, domin mutane sun ƙudurce cewa Musulmi ba ya iya magani, ga sunansa na Larabawa, ga tufafinsa da harshensa ba irin na mutanen Jundisabur ba. Duk sanda na tuna labarin nan sai na yi dariya, domin ciwon ɗalibin nan ne sak, mai kukan ne kawai ya canja. A 931 wani majinyaci ya mutu ta kuskuren likita, sai Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba likitocin Bagadaza, wanda ya ci a ba shi izini, wanda ya faɗi ya ajiye aikin. Jarrabawa ba ta san ɗan gida ba.

Akwai kuma ƙofar da mu da hannunmu muke sa wa sakata. Kowanenmu yana so idan matarsa ta zo haihuwa mace ce za ta duba ta, amma ƙalilan ne suke yarda 'yarsu ko ƙanwarsu ta yi shekara shida tana karatun likita. Daga ina muke so su fito? Rufaida Ba'aslamiya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ. Mu kuwa sai da aka kai ga wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa, daga 2012 zuwa 2020, a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, yana bin ƙauyuka yana zaƙulo 'yan mata, a ba su karatun share fage domin su samu shiga makarantun jinya da ungozoma. Wannan ya kamata ya dame mu fiye da sunan shugaban sashe.

Kafin na tashi daga teburin nan na ji a cikin hirarsu cewa ɗalibin yana da ƙanwa da ta gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, shekara biyu ke nan tana zaune a gida. Na biya kuɗin shayina, na ce masa idan Allah Ya kai mu wata Juma'ar ina son jin inda aka kwana a kan takardunta.