Wasan Mai Zaki da Tarihin Gidan Gem a Tsanyawa

Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yaron karkara ba ya ganin wasan kwamfuta sai a gidan gem. A Tsanyawa, can bakin titin Kano zuwa Katsina gaba da Bichi, namu shago ne ɗan ƙarami: benci, talabijin mai ƙusumbi, da janareto, don wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Cinikinsa da noma yake tafiya. Da damina shiru, duk muna gona. Da kaka, in mun sayar da kalar gyaɗa, ko ran Sallah in aljihu ya yi nauyi, layi har bakin ƙofa.

Na'urar da muke rububi a kai asalinta Famicom ce, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Sai dai wadda ta iso mana kwaikwayo ce, irin da masana'antun Taiwan da Sin suka riƙa ƙerawa da araha, 'yan kasuwa su saro, a sauke a Sabon Gari ta Kano. Kaset ɗinta kan yi alkawarin wasanni 9999, amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar 'yan kaɗan ne ake maimaitawa, an sauya launi ko wurin farawa. Masu kwafin sukan goge sunan kamfani da shekara, wani sa'in har sunan wasan, hoton jikin kaset kuma ba ruwansa da abin da ke ciki.

Da yake ba su zo da suna ba, mu muka raɗa musu. Mai tankar yaƙi shi ne Battle City na Namco, na 1985. Mai harbin agwagwa da bindigar roba Duck Hunt ne. Mario kaɗai ya tsira da sunansa.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Mai Zaki. Wani ɗan tsurut ne bisa zaki, yana tsallakewa ta cikin zobban wuta, ƙasa kuma tukwanen wuta na jiransa. In ka wuce nan sai tafiya kan igiya, birai na tahowa kana tsallake su, sannan ƙwallaye, sannan doki. Da na girma na tambayi abokan wasana; kowa ya tuna zakin, kowa ya tuna kiɗan, ba wanda ya san sunansa. A kasuwar waya ta Farm Centre aka warware mini. Ina cikin kwatance, wani mai gyaran waya ya ce, "Yallaɓai, ai Circus Charlie kake nufi," ya buɗe mini bidiyonsa. Kamfanin Konami ne ya yi shi a 1984, na Famicom ya fito a 1986, don kasuwar Japan. Ke nan hanyar 'yan kwafi ce ta kawo wa ɗan Tsanyawa wasan da ba a shirya masa ba.

Zamanin bai daɗe ba. Sega ta zo, PlayStation ta biyo da wasan ƙwallo, wanda ya cinye gidajen gem har yau. Nokia 3310 ta sa wasan maciji a aljihun manya, daga baya wayoyin zamani suka kai wasa ɗakin kowa.

An yi rubutu a kan dukanci da saƙa da rinin Kano, kuma sun cancanta. Gidan gem ma sana'a ce: ta ciyar da iyali, kuma a nan yaran ƙauye da yawa suka fara danna maɓalli su ga na'ura ta amsa. Masu shagunan nan da dama suna raye. Ya kamata mu zauna da su, mu ji inda suke saro kaset, nawa suke karɓa, yadda suka kaya da iyaye da malaman allo, mu rubuta tun suna iya tunawa.