Siyasar Litar Fetur: Abin Da Gwamnatocin Najeriya Ke Tsallakewa

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. A wajen masu mulki wannan mataki ba abin jayayya ba ne. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta riga ta tanadi sakin farashi ga kasuwa, kasafin kuɗin da Muhammadu Buhari ya bari bai ware wa tallafi kuɗi ba sai zuwa watan Yuni, kuma Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire shi a lokacin yaƙin neman zaɓe. Tambayar da ta kamata masu nazarin siyasa su tsaya a kanta ita ce: me ya sa abin da manya suka haɗu a kansa yake ƙarewa da yajin aiki da dokar hana fita da zubar da jini? Ra'ayina shi ne lissafin masana tattalin arziki yana da gaskiya, amma gwamnatocinmu sun saba karɓa daga hannun talaka tukuna, sannan su yi masa alkawari daga baya, alhali sun daɗe da cinye amanar da za ta sa ya jira.

Ba na cikin masu musun lissafin. A shekarar 2022 kaɗai tallafin ya lashe sama da naira tiriliyan 4, fiye da abin da gwamnatin tarayya ta ware wa lafiya da ilimi a haɗe. Mai motoci uku da babban janareto ya fi mai keke morar araha, wannan a fili yake. Matatun gwamnati na Fatakwal da Warri da Kaduna, waɗanda aka gina don tace ganga 445,000 a rana, sun shafe shekaru kusan a kwance, ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai tana sayo tataccensa da dala. Wani kaso mai yawa kuma yana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru ta hannun 'yan fasa-ƙwauri. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya ga kwalabe da jarkokin 'yan bumburutu a jere bakin titi.

Sai dai wannan lissafi yana ƙirga litar da mutum ya saya a gidan mai, yana mance litar da ke ɓoye cikin kowane abin da ya saya a kasuwa. Manomin rani a Kadawa ko Bakolori ko fadamun Haɗeja da fetur yake tayar da injin ban ruwa. Idan lita ta ninka uku, ko dai ya rage fili ko ya bar tumatir ya ƙone. Mai aski, mai cajin waya, tela, mai sayar da ruwan sanyi, duk ƙaramin janareto ne jarinsu, domin wutar lantarki ba ta zama. Ɗan acaɓa da mai adaidaita sahu kuwa fetur ne kayan sana'arsu gaba ɗaya. Matar da ba ta taɓa mallakar abin hawa ba tana biyan kuɗin fetur a cikin mudun masara da kuɗin motar kai yaro asibiti. Akwai kuma wani nauyi da ya faɗa wa Arewa musamman. Tun 1975 akwai asusun daidaita farashi da ke biyan kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, don lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Sakkwato. Da aka saki farashi, wannan tsari ya tafi, yankin da talauci ya fi yi wa katutu ya koma shi ne mai sayen mai mafi tsada.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne matsayin da litar fetur ta samu a zuciyar ɗan ƙasa. A ƙasar da mutum ke haƙa rijiyarsa, ya samar wa kansa wuta, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, ya haɗa kuɗin 'yan sintiri, arahar fetur ce kaɗai rabon arzikin ƙasa da ke iso masa ba tare da ya san wani ba. Ba ya bukatar takardar ɗan majalisa, ba ya bukatar sunansa ya shiga jerin da shugaban jam'iyya na mazaɓa ya rubuta. Idan aka ce masa ya saki wannan don a gina masa asibiti, abin da yake ji shi ne ya ba da abin da ke hannunsa a madadin abin da zai bi ta hannun mutanen da ya riga ya sani. Ƙin yardarsa ba jahilci ba ne. Hukunci ne da ya gina a kan tarihi.

Tarihin kuwa salonsa kusan ɗaya ne. A watan Yunin 2000 Olusegun Obasanjo ya ɗaga lita daga naira 20 zuwa 30, ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Adams Oshiomhole ta tsayar da ƙasa, aka sauko 22. A 2007, dab da barin mulki, ya kai ta 75, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rage, har ta dawo 65, kuma har yau ana tuna shi da wannan. Gwamnati takan ɗaga fiye da inda take son tsayawa, ƙwadago su yi yajin aiki, a haɗu a tsakiya, kowa ya ce ya yi nasara. Ciniki ne a kan farashi, kuma a cikinsa ba a taɓa tilasta wa kowa ya faɗi inda rarar ta shiga ba. Gwaji ɗaya da ya bar tasiri shi ne na 1994, lokacin da gwamnatin Sani Abacha ta kai lita naira 11, ta kafa asusun rarar mai na PTF, ta ɗora Buhari a kai. An yi suka a kan yadda aka raba ayyukan tsakanin shiyyoyi da yadda aka ba da kwangiloli, kuma gwamnatin soja ce da ba a iya tuhuma. Duk da haka jama'a sun ga tituna da magunguna a asibitoci ɗauke da tambarin asusun, suka iya haɗa tsadar da suka biya da wani abu da idonsu ya gani. Farin jinin Buhari a Arewa yana da saiwa a nan.

Shekarar 2012 ce ta fi cancantar a dakata a kanta. Ranar 1 ga Janairu gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, mutane da yawa suna ƙauyukansu hutun ƙarshen shekara, kuɗin motar dawowa ya gagare su. Ministar kuɗi ta lokacin, Ngozi Okonjo-Iweala, da gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, sun kare matakin da hujjoji masu ƙarfi. Yajin aiki ya fara ranar 9, Legas ta cika a Ojota, Kano ta cika a dandalin Silver Jubilee, inda Kiristoci suka yi gadin Musulmi suna salla. Ranar 16 aka sauko naira 97. Sannan kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Farouk Lawan ya bankaɗo cewa an biya biliyoyin daloli a kan man da wani ɓangarensa bai taɓa shigowa ƙasar ba. Daga baya kotu ta ɗaure shugaban kwamitin kansa kan karɓar cin hanci daga ɗaya daga cikin 'yan kasuwar da yake bincika. Darasin da talaka ya ɗauka mai ɗaci ne: an saci kuɗin tallafi, an kasa hukunta ɓarayin yadda ya kamata, sai aka ce shi ne zai biya kuɗin gyara.

'Yan adawa ma suna da nasu alhakin. Tinubu na cikin waɗanda suka yi rubutu mai zafi suna sukar matakin Jonathan. Jam'iyyarsa ta APC ta hau mulki a 2015, a watan Mayun 2016 ta kai lita naira 145, shi kuma ya ƙarasa aikin a 2023. Idan matsayin ɗan siyasa a kan fetur yana sauyawa da kujerar da yake kai, mai sauraro zai daina ɗaukar kowace hujja da muhimmanci, har da ta gaskiya.

Tsoron litar fetur ba a Najeriya ya tsaya ba. Harajin tarayya a kan fetur a Amurka yana nan a senti 18.4 kan galan tun 1993, babu majalisar da ta yi ƙarfin halin taɓa shi. A Faransa, ƙarin harajin mai ya fito da masu riguna ruwan ɗorawa kan tituna a watan Nuwamban 2018, kuma abin da ya hura wutar shi ne Emmanuel Macron ya riga ya soke harajin dukiya na attajirai, sai mazauna karkara suka ga nauyin a kansu aka juye. Cikin makonni uku gwamnati ta janye. Amma akwai ƙasashen da suka haye wannan kogi, kuma abin da ya bambanta su shi ne jerin matakan. Iran a 2010 ta zuba kuɗi a asusun bankin iyalai tun kafin ƙarin, kowa ya ga kuɗinsa a rubuce, aka buɗe damar cira a lokacin da farashi ya tashi. Indonesiya a 2005 ta ninka farashi, ta haɗa shi da biyan kuɗi kai tsaye ga miliyoyin gidaje marasa ƙarfi. Ghana ita ma a 2005 ta bayyana wa jama'a binciken da ya nuna wa ke cin moriyar tallafi, ta soke kuɗin makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati, ta ƙara motocin haya na birni. Ba a ce waɗannan tsare-tsare sun rasa aibu ba, na Iran ma hauhawar farashi ta cinye shi daga baya. Amma a dukansu gwamnati ce ta fara miƙa hannu.

A Najeriya kuwa, a 2023 an yi akasin haka. An cire tallafi a jimla ɗaya, ba a naɗa ministoci ba tukuna. Makonni biyu bayan nan aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma tunda da dala ake sayo mai, faɗuwar naira ta zama ƙarin farashi na biyu. Kayan rage raɗaɗi sun biyo baya a warwatse: naira biliyan 5 ga kowace jiha, ƙarin naira 35,000 na wucin gadi ga ma'aikatan tarayya, alkawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, shirin da ya tsaya cak bayan dakatar da ministar jinƙai a Janairun 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zama doka ba sai Yulin 2024, lokacin hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma mafi yawan 'yan ƙasa ba masu albashi ba ne. A watan Agusta matasa suka fito zanga-zanga. Kano da Jigawa da Kaduna da Borno sun ga dokar hana fita, ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe, sannan a watan Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a kotun Abuja kan cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ba na jin akwai ribar kasafin kuɗi da za ta wanke wannan rana.

Ina rarar ta tafi? Wani kaso ya tafi biyan bashi, wani faɗuwar naira ta haɗiye. Amma kason wata-wata da ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru ƙwarai, yana haura naira tiriliyan 1 a wata tun ƙarshen 2023. A nan ne nake ganin siyasar Arewa ta yi sake. Fushinmu duka ya tafi Abuja, alhali gwamnoni ne suka karɓi babban rabo, kuma su ne masu makarantun firamare da asibitocin karkara da hanyoyin kai amfanin gona. Malaman jami'a da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan jarida sun ƙware wajen muhawara a kan farashin lita, amma kaɗan ne ke ɗaukar takardar rabon wata-wata su tambayi gwamnansu abin da ya yi da bambancin da ke tsakanin 2022 da yau.

Wannan tambaya za ta dawo, domin maganar haraji ta riga ta kunno kai. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 tana ɗauke da ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan man fetur. Jami'ai sun ce tanadin ya samo asali tun dokar hukumar gyaran hanyoyi ta 2007, kuma ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya ba da umarni. Harajin mai don gyaran titi ba mugun tunani ba ne, ƙasashe da yawa da shi suke rayar da hanyoyinsu, kuma direban da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Zariya zuwa Funtuwa yana biyan kuɗin lalacewar titi a wajen bakanike ko da ba a sa masa haraji ba. Amma kafin ministan ya sa hannu, ya kamata majalisa ta gindaya sharuɗɗa a doka: asusu na daban wanda ba a gauraya shi da sauran kuɗin shiga ba, jerin hanyoyin da za a gyara da sunayensu da ranar kammalawa, rahoton da ake wallafawa duk wata uku, da kuma fara aikin da kuɗin gwamnati kafin a karɓi sisin kwabo a gidan mai.